Koriyar Waya a Motar Hadje

Duk unguwar Jambutu babu wanda bai san bakin Malum Usmanu ba. In ya zauna a teburin shayin Hanzala da safe, kafin ruwa ya tafasa ya riga ya gyara jirgin sama, ya gyara injin ban-ruwa, ya kuma faɗi abin da ke damun wutar garin Garwa gaba ɗaya. Cewa yake yi shi ya haɗa wayoyin taraktocin gonar shinkafa ta Maga a zamanin ƙuruciyarsa. Waɗanda suka san shi a can sun ce lallai ya yi aiki da masu gyara, sai dai aikinsa riƙe musu tocila ne. Shi kuwa ko keke bai taɓa mallaka ba, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Ana nan sai surukarsa Mama Ache, mahaifiyar matarsa Hadijatu, ta tashi tafiya Makka. Tun ba ta hau jirgi ba aka fara kiranta Hadje. Tana da wata tsohuwar fijo da marigayi mijinta Alhaji ya bari, mota mai lafiya, wadda take ji da ita kamar ranta. Ranar sallama ta ce a ajiye motar a gidan Usmanu tunda yana da fili, in Allah ya dawo da ita za ta bayar da ita ga ɗaya daga cikin surukanta biyu: ko Usmanu, ko Mukhtar mai shagon atamfa, mijin ƙanwar Hadijatu.

Ba Usmanu ta faɗa wa ba, ko da yake yana durƙushe a gabanta. Tun da ya auri 'yarta ba su taɓa yin magana baki da baki ba, don kunyar surukuta. Ita ta ce, "Ki gaya wa mijinki," shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "Ki gaya wa Mama." Haka Hadijatu take tsaye a tsakiya tana kai saƙon da kowa ya riga ya ji.

Usmanu ya shiga son motar nan har ya daina cin abinci sosai. Mukhtar yana da kuɗi, yana da natsuwa, yana da ƙaramar motarsa ma, jidon kaya kawai yake so ya yi da fijon. Shi kuwa me yake da shi? Sai ya tuna yana da ilimin waya.

"Ranar da za ta sauka," ya ce wa mutanen teburin shayi, "za ku ga abin da Garwa ba ta taɓa gani ba. Fitilu masu launi a saman mota, kilakson, wato hon, mai waƙa, ga lasifika da zan riƙa sanar da isowarta tun daga filin jirgi har ƙofar gida. In ta ga haka, wa za ta ba mota?"

Hanzala ya ce, "Makanike."

"Kai dai zuba shayi. Kowa da fanninsa."

Da Usmanu ya koma gida ya buɗe ƙarƙashin sitiyari, ya ga wayoyi ja da baƙi da rawaya da shuɗi sun cukurkuɗe, ya girgiza kai cikin tausayin wanda ya ƙera motar. Ya wuce shagon Landry mai sayar da kayan mota.

"Waya nake so, da yawa."

Landry ya ce, "Wace kala, Malum? Ja ta wuta, baƙa ta mas, wadda ake ɗaure wa a jikin ƙarfe. Sauran kuma..."

"Kore."

"Koriyar ta me?"

"Ta komai. Daga Makka za ta dawo, Landry. Ka taɓa ganin an tarbi mahajjaci da baƙar waya?"

"Ai a ɓoye suke, ba wanda zai gani."

"Allah zai gani."

"Amma, Malum, in duk kala ɗaya ce, yaya za ka gane wadda ta tafi birki da wadda ta tafi fitila?"

Usmanu ya yi murmushin manya. "Mu da muka yi Maga, ko ido a rufe muka taɓa waya mun san inda ta dosa."

Landry ya auna masa koriyar waya, ya ce aƙalla ya cire kan batir kafin ya fara. Usmanu ya ce masu koyo ke yin haka.

Washegari ya tura motar ƙofar gida, don aikin gwani ba a yin sa a ɓoye. Mutanen teburin shayi suka juyo da bencinsu. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sunkuya da sifana a kan batir. Sai ji aka yi tas! Wani shuɗin haske ya tashi, sifana ta yi sama, Usmanu ya zauna daɓas a ƙasa. Da ya ɗago, rabin gashin bakinsa babu, sai ƙauri.

"Lafiya, Malum?" in ji Hanzala.

"Gwaji ne. Batirin yana da rai."

"To kai fa?"

Usmanu ya miƙe. Ya bi tsofaffin wayoyin nan yana fizgewa yana jefarwa, yara na tsincewa. Ya shiga zura kore. Inda waya ta gaza sai ya murɗa mata wata da haƙori ya bar haɗin tsirara, ya ce waya ma tana son shan iska. Kafin la'asar ƙarƙashin sitiyarin nan ya koma kamar yaɗon kabewa a kan danga. Ya tsaya yana kallo, ya kama wannan ya saki, ya kama waccan ya saki. Ga ido a buɗe, amma bai san inda ko ɗaya ta dosa ba.

Ya murɗa makulli. Wani abu ya ce ƙis a cikin ɗan akwatin fis, komai ya mutu. Ya aika aka sayo sabon fis, shi ma ya ce ƙis. Haka ya yi ta ƙonawa har Landry ya hau babur ya zo da kansa ya ga mai cinye masa kaya.

"Malum, fuzibil, fis ɗin nan, ba ya ƙonewa a banza. Wuta ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri. Shi yake mutuwa don kada motar ta mutu."

"Fis ɗin zamani ne matsorata. Abu kaɗan sun suma."

Ya shiga gida ya zaro ƙusoshi daga jikin tsohon benci, ya daddatse su, ya cusa kowace a gurbin fis. Ya murɗa makulli, mota ta tashi. Ya dubi Landry, ya dubi jama'a.

"To, wannan ya ƙone mu gani."

Landry ya hau babur ɗinsa ya ce, "Ranar tarbar, ni daga nesa zan tsaya."

Aka zo gwaji. Usmanu ya kunna fitila, sai abin share gilashi ya fara kai da kawo. Ya kunna abin share gilashi, sai fitilar cikin mota ta kama. Ya danna hon, shiru. Ya taka birki, sai sabon kilakson ya ɓarke da waƙa, wata irin waƙar biki mai tsinin murya, har awakin Hamida maƙwabciyarsu suka tsinke igiya suka bazama kan titi.

Hamida ta fito da muciya a hannu. "Wane mara aikin yi ne wannan?"

"Ci gaba ne, Hamida," in ji Usmanu ta taga. "A Turai yanzu haka ake yi. In ka taka birki kowa ya sani."

"To Turai ta zo ta kamo mini awakina!"

Da daddare Hadijatu ta roƙe shi. "Malum, don girman Allah ka kai wa masu gyara. Motar Baba ce fa. Mama ko ƙwarzane ba ta so a jikinta."

"Ai an gama. Haddacewa kawai ta rage. Fitila share gilashi, share gilashi fitila, birki waƙa. Mene ne mai wuya a nan?"

"Lasifikar fa, da me take kamawa?"

"Ita tana da lokacinta."

Ranar saukar alhazai gari ya tashi da hadari. Filin jirgi ya cika maƙil, motoci da babura kowa da tutarsa. A gidan Hadje kuwa an dafa shinkafar Maga da kifi, an shimfiɗa tabarmi, mata sun jera ƙananan kofuna, don duk wanda ya zo barka da zuwa sai ya kurɓi ruwan Zamzam ya ɗauki dabino. Usmanu ya aske sauran rabin gashin bakin, ya sha babbar riga, ya jingina da fijo. A samanta ga lasifika ɗaure da igiyar roba, ga fitilu kewaye suna ƙyafta ido ba tare da an kunna su ba.

Mukhtar ya zo ya zagaya motar. "Yaya Usmanu, wani ƙauri nake ji."

"Ƙamshin sabuwar waya ne. Ba ka saba ba."

Hadje ta fito cikin fararen kaya, sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Aka yi ta guɗa. Mukhtar ya buɗe mata ƙofar motarsa mai sanyi, ta ce a'a, motar Alhaji za ta shiga. Usmanu ya ji kamar ya tashi sama. Ya karɓi jakunkuna da kwalin jarkar Zamzam ya jera a but da hannunsa. Hadje da Hadijatu suka zauna a baya. Hadje ta dubi lasifika, ta dubi fitilu, ta ce da ƙarfi, don jirgi ya toshe mata kunne:

"Ki tambayi mijinki, motar Alhaji ce wannan ko ta masu tallan magani?"

"Ki gaya wa Mama kwalliyar tarba ce," in ji Usmanu yana kallon sitiyari.

Ayari ya tashi, fijo a gaba, babura dama da hagu. A bakin ƙofar fita wani jandarma ya ɗaga hannu. Usmanu ya taka birki, waƙar biki ta tashi a fuskar jandarman. Mutumin ya yi tsalle baya, ya leƙo a fusace.

"Ni kake yi wa kilakson?"

"A'a, shef, birki na taka."

"To daina!"

Usmanu ya ɗaga ƙafa, waƙa ta tsaya, mota ta gangaro. Ya sake takawa, waƙa ta dawo. Jandarman ya hango tsohuwa cikin fararen kaya a baya, ya yi tsaki ya ce su wuce, albarkacin Hadje.

Daga nan Usmanu ya ƙudura ba zai ƙara taka birki ba sai dole. Kowane rami ya faɗa da gudunsa, Hadje na tashi tana komawa. Sai ruwa ya sauko. Ya tuna haddarsa, ya kunna fitila, abin share gilashi ya kama aiki, ya ji daɗi har ya gyara hula. Abin da bai sani ba, ruwan ya gangara ta ramin da ya huda wa lasifika, ya sauka kan haɗin nan da ya bari yana shan iska. Lokacin lasifika ya yi. Makirfon kuwa yana rataye a jikin kujera, daidai bakin Hadje.

An rufe tagogi, ruwa na dukan rufi, Hadje ba ta jin komai sai muryarta. Ta jawo 'yarta ta fara hirar uwa da 'ya.

"Tsarabar nan sai mun yi dabara, Hadijatu," in ji saman mota, da muryar da ta kai ƙarshen ayari. "Darduma mai laushin ta liman ce. Hamida kuwa, turaren nan mai arha za a ba ta, wanda na saya a bakin titi. A juye shi a kwalba mai kyau. Ai hancinta ya saba da awaki, ba za ta gane ba."

Hamida tana kan babur ɗin ɗanta, dab da taga, ta lulluɓa da leda. Ta yaye ledar.

"Hanzala mai shayi kuma hula. Ba ta Makka ba ce, tun bara take cikin akwatina, amma ta je ta dawo, ai ta samu albarka."

Hanzala yana ɗaya gefen. Ya buɗe baki har ruwan sama na shiga.

Usmanu ya ga 'yan babura suna dariya suna nuna sama. Ya sassauta gilashi kaɗan, sai ya ji muryar surukarsa tana dawowa daga bangon gidajen mutane. Ya murɗa wannan, fitilar ciki ta kama. Ya murɗa wancan, sigina ta kama duka biyu. Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya damƙo wayoyi, duk kore, ya fizgi ɗaya, abin share gilashi ya tsaya cak a tsakiya.

"Shi kuma Mukhtar," in ji saman mota, "yaron kirki ne, sai dai maƙo. Rakiyar da ya yi mini, ko lemo..."

Abu ɗaya ya rage, a ce wa Hadje ta daina magana. To wa zai faɗa? Shi dai bai isa ya juya ya dube ta ba. Ya karkato da kai baya, bakinsa ya zo daidai makirfo, ya ce cikin raɗa:

"Hadijatu, ki ce wa uwarki ta yi shiru haka nan!"

Duk titin ya ji. Masu shaguna da suka fake a rumfa suka ji. Wani tsoho da ke alwala ya saki buta ya yi salati. Kuma daidai lokacin ne mota ta faɗa wani rami, kunnen Hadje ya buɗe, ta ji ƙarshen maganar tana sauka daga sama.

Hadje ta ce a hankali, amma duk Jambutu ta ji, "Ki tambayi mijinki, da wa yake?"

"Ki gaya wa Mama da... da lasifika nake."

"Ki gaya masa lasifika ba ta haife ki ba."

Ruwa ya ɗauke lokacin da suka shigo layin gidan. Jama'a sun cika ƙofa, liman a gaba, mata na guɗa. Usmanu ya taka birki, waƙa ta tashi. Ya ɗaga ƙafa, ba ta daina ba. Ya kashe makulli, ya zare shi gaba ɗaya ya riƙe a hannu, inji na ci gaba da ruri, waƙa na ci gaba, fitilu na ƙyaftawa. Sai wani hayaƙi mai warin roba ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Ƙusoshin nan dai sun cika alkawari, ko ɗaya ba ta ƙone ba. Wayoyin ne suka ƙone a madadinsu.

"Wuta! Wuta!"

Mukhtar ya ɓalle ƙofar baya, aka fito da Hadje da Hadijatu. Usmanu ya faɗo waje yana tari. Landry, daga can nesa inda ya yi alkawarin tsayawa, yana ihu, "A cire kan batir! A zuba ƙasa!" Waƙa ta hana a ji shi. Wasu suka ruga neman bokiti. Usmanu ya ga harshen wuta ya leƙo ta wajen rediyo, ya ga motarsa tana salwanta a gaban idonsa. Ya zagaya but a guje, ya yage kwalin da ya fara zuwa hannunsa, ya ɓalle murfin jarka da haƙori, ya tuttule ta kaf a kan wayoyin.

Wuta ta yi cuu. Waƙa ta ja wani dogon numfashi ta mutu. Matasa suka ƙarasa da ƙasa da jiƙaƙƙen buhu, Landry ya iso ya cire kan batir.

Usmanu ya juyo yana haki, fuska baƙi ƙirin, jarka a hannu. Ya ɗaga ta sama.

"Kun gani? Da ba gwani a kusa, da yanzu wani zance ake yi!"

Kowa jarkar yake kallo. Matan da ke riƙe da ƙananan kofuna suka dubi kofunansu. Liman ya matso, ya karanta rubutun jikin jarkar, ya ce, "Inna lillahi." Sai a sannan Usmanu ya duba abin da ke hannunsa. Ya girgiza ta. Ko ɗigo babu.

Hanzala ya ce, "To, mu dai ba mu sha ba, amma fijo ta sha. Allah ya karɓi ibadarta."

Hamida ta ce, "A juye mata turaren nawa ma, ta cika Hadje."

Hadje Ache ba ta yi dariya ba. Ta taka a hankali har gaban motar. Ta leƙa ta ga kujerar da Alhaji yake zama ta ƙone har ƙarfe, sitiyari ya narke ya karkace, ruwan da ta ɗauko tun daga Makka yana ɗiga ta ƙasan ƙofa yana shiga taɓo. Ta dafa rufin motar ta daɗe, idonta ya kawo ruwa, ta share da gefen mayafi. Usmanu ya durƙusa a cikin taɓon da babbar rigarsa. Wannan karon kunyar gaske ce ta hana shi ɗaga kai.

"Hadijatu."

"Na'am, Mama."

"Na yi alkawari in na dawo zan ba ɗayansu motar nan. Daga ɗakin Allah nake, ba zan fara da saɓa alkawari ba. Ki gaya wa mijinki na ba shi. Tasa ce, halak malak."

Mukhtar ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce, "Allah ya sanya alheri, Yaya."

"Ki kuma gaya masa," in ji Hadje tana juyawa za ta shiga gida, "ya ɗauke motarsa daga ƙofar gidana. Baƙi na zuwa."

Jama'a suka bi ta ciki wajen shinkafa da kifi. Usmanu ya miƙe, ya dubi Hanzala, ya dubi Landry, kowa ya ce hannunsa na ciwo. Ya tattare babbar riga ya ɗaure a ƙugu, ya sa kafaɗa a bayan motarsa ta farko a duniya, ya fara turawa shi kaɗai.